Murfi da Matokari Biyu

Lahadi, 6 ga Afrilu 2025

Fadimata ta zo shago yau. Rabona da ita tun gaisuwar mijinta Amastan, wata takwas ke nan. Ta rame, amma kallon nan nata yana nan, wanda ke sa mutum ya duba ko rigarsa a bai-bai take. Ta zo da jemammiyar fatar akuya ja a naɗe, ta shimfiɗa ta a kan teburina ba tare da ta nemi izini ba.

Abin da take so ba mai wuya ba ne. Mashin ɗin lazar ɗin nan ni da Amastan muka haɗa muka saya shekara huɗu da suka wuce, muna yin hatimi da allunan suna da lambobin ƙofa. Rabinsa nasa ne, yanzu kuwa nata ne da 'ya'yanta. Idonta ya fara gajiya da zanen fata da wuƙa, ta kuma ji an ce mashin ɗin yana zana fata kamar yadda yake zana katako. Tana so in koya mata, ta yi jakunkuna da matasan kai kafin babbar Salla. Da Hausarta ta Abzinawa ta ce, "Ni bai zo roƙo ba, Zayyadu. Rabon Amastan ya zo in yi aiki da shi."

Na ce to. Me zan ce? Sai ta miƙa hannu za ta ɗaga murfin ta leƙa ciki. Ban san sa'ad da na daka mata tsawa ba. Ta janye hannun a hankali, ta dube ni sama da ƙasa. Na ce murfin yana da matsala, ta ba ni kwanaki in gyara. Ta ce kwana nawa? Na ce kaɗan.

Murfin ƙarfe ne da gilashi, ya kai kilo goma sha biyar. Matokarai biyu masu gas a ciki ke riƙe shi in an ɗaga, irin waɗanda ke riƙe but ɗin mota. Sun mutu tun shekara biyu. Da ƙotar gatari nake tokare shi. Hannunta ba zai shiga ƙarƙashin wannan murfin ba sai na sami sababbi, ko da za ta ɗauke ni ɓarawon gado.

Litinin, 7 ga Afrilu

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tunda takarda ba ta kai gulma.

Sau uku Amastan ya ce mu sayi sababbin matokarai. Sau uku na ce a bari sai wata mai zuwa. Ni na samo ƙotar gatarin, na ce ga matokari na kyauta. Ya yi dariya, ya ce Badamagare ko a ƙofar Aljanna sai ya nemi ragi.

Ranar da abin ya faru ni na ɗauke ƙotar. Rumfar bakin shago ce ta sauko, na ɗauka na tokare ta, na tsaya hira da wani ɗan kabu-kabu. Amastan ya dawo daga sallar azahar, ya ɗaga murfin, ya duba ƙota bai gani ba. Matattun matokaran nan wani lokaci suna ɗan riƙewa kamar da gaske. Suka riƙe. Ya sa hannun dama zai gyara katakon da ke ciki. Daga waje na ji ƙarar, har yanzu kuma ina jin ta.

Yatsu biyu. Maɗori ya ɗora, suka kama a karkace. Mutumin da aka haifa a gidan maƙera, wanda kakanninsa ke zana azurfa tun ba a haƙa rami ko ɗaya a Arlit ba, ya kasa riƙe ƙarfen zane. Mashin ke yin rubutu, shi kuma ya ƙawata gefen da hannu, don wannan ne mutane ke tsallake shaguna su zo namu. Wata shida yana zaune yana dafa shayi da hagu. Wata rana aiki ya sha mini kai, na ce, ba da shi nake ba wai, "Mutum ɗaya ya yi aikin mutum biyu, ai sai ya mutu." Ya ci gaba da dafa shayinsa. Bayan sati ya ce zai bi masu zinariya ya yi musu jagora, tunda ya san sahara. Motarsu ta lalace a hanya, ruwa ya ƙare. Bayan kwana goma sha ɗaya aka same su, a can aka binne su.

Maganar hannun kuwa, a gida ce musu ya yi babur ne ya kayar da shi. Bai faɗa wa kowa gaskiya ba, ni ma bai taɓa ɗaga mini maganar ba ko da wasa. Matata Sa'adatu ta ji Fadimata a wurin zaman makoki tana cewa ya karya hannunsa da gudun banza, sannan ya bar sana'a mai ci da su ya bi kwaɗayin zinariya. Ni kuwa ina waje a kan tabarma ina jan carbi kamar mutumin kirki.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na kira mutumin Yamai da ya sayar mana da mashin. Ya ce akwai matokaran, jika arba'in guda biyu, ban da kuɗin mota, kuma sai an jira wata ɗaya ko fiye don kaya ba sa shigowa kamar da. Na ji bakina yana cewa, "Haba, ba ragi?" Da na ajiye wayar sai kunya ta kama ni, ni kaɗai a shago. Amma gaskiya ba ni da jika arba'in. Tun da aka rufe ramin haƙar yuraniyom na Akokan masu son allon suna suka ragu, kowa ta cikinsa yake yi. Ko da ina da su, wata ɗaya ya yi wa Fadimata nisa, Salla ba za ta jira ta ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na zaga kasuwa neman matokari har ƙafata ta yi ruwa. Masu faransanci suna ce masa beran, mutanen Najeriya suna cewa shokan but, wasu kuma sai sun gani a waya suke ganewa. A shagon da ke sayar wa kafintoci kayan kabad na Aljeriya aka nuna mini wasu 'yan sirara. Na danna ɗaya a kan kanta, ya shige ba gardama. Na ce wannan ai sai murfin tukunya, na fita.

Talata, 15 ga Afrilu

Na je wurin Muktari Bakano mai tsofaffin kayan mota, bayan tasha. Da ganina ya ce, "Ga Badamagare, a ɓoye kaya masu tsada kada ya suma." Na ce Bakano ko gawar mota ya gani sai ya yi mata kwalliya ya sayar. Ya tono mini biyu daga ƙasan wani buhu, baƙaƙe, tsawonsu daidai da nawa, har ƙwallayen bakinsu iri ɗaya.

Gwajin garin nan ɗaya ne, kowa ya san shi. Ka kafa ƙarfen a ƙasa, ka hau shi da ƙirji. In ya shige, ba shi da kirki. In ya ƙi, lafiyayye ne. Garin da ya saba da manyan motocin haƙa bai yarda da abu mai laushi ba, ko igiyar shanya za a saya sai an nemi wadda za ta ja kamyo, babbar motar kaya. Na hau da dukan nauyina, da ƙyar ya motsa. Muktari ya ce, "Ka gani? Wannan ko ƙofar kabari ka sa masa zai riƙe." Ban ji daɗin maganar ba, amma na yi dariya.

Jika shida duka biyun. Ban yi ciniki ba, har ya tambaye ni ko lafiya.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na ɗaura su da safe. Murfin yana tashi da yatsa ɗaya, ya tsaya ƙyam. Rufewa ce sai an ɗan danna, amma in ya kwanta ya kwanta. Na ɗaga na rufe ya fi sau ashirin don daɗi. Na aika wa Fadimata ta zo ran Litinin. Ƙotar gatarin na jefa ta bayan shago.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Na dawo daga azahar, na sa allon wani mai magani a mashin, na rufe, na kunna. Na juya baya ina wanke kofin shayi. Sai na ji mashin ya yi shiru, domin yana tsayawa da kansa in an buɗe murfi. Na waiwaya. Murfin yana tashi. Ba da ƙarfi ba, a hankali, yadda mutum mai natsuwa ke ɗagawa in yana son ya duba aiki. Ya kai ƙarshe ya tsaya. Ba kowa a shagon. Ƙofa a buɗe, titi fayau, rana ta kori har awaki.

Ƙarfe biyu saura kwata. Lokacin da Amastan yake dawowa daga masallaci ke nan, kullum yana riga ni, kullum kuma abin da yake fara yi shi ne ya ɗaga murfi ya ga abin da na ɓata.

Na karanta abin da ya zo bakina. Na rufe shago na tafi gida. Sa'adatu ta ce yau kuma da wuri? Na ce kuran aka ɗauke, ba wutar aiki.

Asabar, 19 ga Afrilu

Jiya Juma'a ban buɗe ba. Yau ya sake. Biyu saura minti goma. Ina kallonsa wannan karon, mashin ma a kashe yake.

Litinin, 21 ga Afrilu

Fadimata ta zo da ƙarfe takwas. Kanta yana ja, ba a faɗa mata abu sau biyu. Ta kawo zanenta a takarda, irin ƙananan kusurwoyin nan da suke yi a jakunkuna, na ɗauke shi da waya na sa a na'ura. Da wutar ta fara bin fatar, ƙauri ya tashi, ta toshe hanci da mayafi amma ba ta ɗauke ido ba. Ta ce aikin kwana uku ne ya ƙare kafin shayi ya tafasa. Na ga ta so yin murmushi, ta fasa.

Duk lokacin da ta sa hannu a ciki, ina tsaye na riƙe gefen murfin. Ta ce, "Ba ka ce ka gyara ba?" Na ce sabo ne kawai.

Sha biyu na yi na fara tattara kaya, na ce zafin rana yana ɓata mashin. Ta dubi agogo, ta dube ni. Ta ce lokacin Amastan har la'asar kuke aiki. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, na kama kame-kame har ni kaina na ji ƙaryar tana wari. Ta naɗe fatarta ta tafi. Na san abin da take tunani, wai ina rage mata lokaci don in ci rabonta.

Bayan tafiyarta murfin ya tashi, a lokacinsa.

Laraba, 23 ga Afrilu

Na koma wurin Muktari, na tambaye shi daga wace mota ya cire su. Ya ce me ya dame ni, aure zan ɗaura musu? Na nace. Ya ce daga gilashin bayan wata Lankuruza ce da aka jawo daga hanyar zinariya bara, bayan damina. Inji ya ƙone, masu ita suka sayar da ita ƙarfe.

Na ce wace kala? Ya ce fara, kamar dukansu. Na ce mutanen cikinta fa? Ya daina dariya. Ya ce, "Malam Zayyadu, motoci nawa ne suka mutu a wannan hanyar? Ni ƙarfe nake saya, ba na tambayar labari, don in na tambaya ba zan iya cin abinci ba." Ya ce in ina so in dawo da su ya canza mini. Na ce a'a, ban san dalili ba.

Motar su Amastan fara ce. Ban san ko an jawo ta ba. Wanda zan tambaya ya sani, ɗan'uwan Fadimata ne, kuma zai ce me ya sa nake tambaya.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Na ɗora bulon siminti a kan murfin. Na karɓo rubutu wurin malamin unguwarmu, na ce masa ciwon kai ne, na sha rabi na yayyafa rabi a kusurwoyin shago. Da bulo ba ya tashi, amma wajen ƙarfe biyu ina jin ƙarfen yana ɗan ƙara, kamar ana gwada shi daga ciki.

Na sani sarai wanda ya mutu ya tafi, ba ya dawowa ɗaga murfi. Da wani ne ya ba ni wannan labari da na yi masa wa'azi. Amma tsoro nake ji, tsoro na gaske, da rana tsaka, a shagon da na yi shekara huɗu ina gyangyaɗi a ciki. Sa'adatu ta ce na koma kamar wanda ya ci amanar maraya. Wasa take yi. Na tashi na bar mata tuwon.

Litinin, 28 ga Afrilu

Kafin Fadimata ta zo na sauke bulon, don ban san abin da zan ce mata a kansa ba. Sha biyu ta yi, na fara tattara kaya. Ta zauna a kan benci ta ce yau ba inda za ta, fata huɗu ta kawo, huɗu za ta gama. Ta ce in ina da wurin zuwa in bar mata mabuɗi. Ban je masallaci ba, a bakin ƙofa na yi salla, rabin hankalina yana ciki.

Fata ta uku ce a mashin, babba, ta matashin kai, zane ya kai rabi. Sai shiru. Murfin ya fara tashi a gabanmu mu biyu.

Ita ko gezau. Ta ce, "Mashin ɗinka bai da kunya," ta miƙa hannu za ta rufe. Ni ne na ja da baya har na ture butar shayi, na kuma ji muryata tana cewa, "Ka yi haƙuri, Amastan. Don Allah ka yi haƙuri."

Ta tsaya da hannu a sama. Ta daɗe tana kallona. Ta ce haƙurin me? Na ce ba komai, firgita na yi. Ta ce mutum ba ya ba abokinsa haƙuri don ba komai. Fatar ta goce da murfin ya motsa, zanen ya hau kan juna, ta lalace. Ta ɗauke ta duk da haka, ta tafi ba sallama.

Talata, 29 ga Afrilu

Na kira Hamadi. Tsohon makanike ne, shekara talatin ya yi yana gyaran motocin ma'aikatan haƙa kafin ya yi ritaya, yanzu kunnensa ɗaya ba ya ji. Ban gaya masa komai ba sai cewa murfi yana tashi. Ya zo ƙarfe ɗaya, ya zauna ya sha shayi yana jira kamar mai jiran motar kar a tasha. Da murfin ya tashi, ya ce, "Madalla." Ya taɓa kwanon rufin shago da bayan hannu, ya janye da sauri. Ya ce in kawo tsofaffin matokaran.

Suna cikin aljihun tebur, ban taɓa iya jefar da su ba. Ya tofa yawu ya goge jikin ɗaya da babban yatsa, lamba ta fito, 150. Ya goge na Muktari, 250. Ya ce, "Ɗana, kai da kake rubuta wa mutane suna a ƙarfe, ba ka karanta abin da aka rubuta a naka ba?" Ya ce gas ɗin da ke ciki yana ƙara ƙarfi in ya ji zafi. Da safe nauyin murfin yana rinjayarsa da ƙyar. Rana na kaiwa tsaka, kwano ya gasa ɗakin, sai shi ya rinjayi murfin. Ya ce da sanyi na ɗaura su da sai watan uku ya kama, zafi ya shigo, zan ga wannan. Tsofaffin ma, in ji shi, ai shi ya sa suke ɗan riƙewa da rana su yaudari mutum.

Na ce ai na hau su da ƙirji, sun ƙi shigewa. Ya ce wannan gwajin ya karya gilashi a garin nan fiye da duwatsun yara. Ya ce in nemi mai 150, ko na mene ne.

Shi ke nan, ashe. Zafi ne da lamba. Ya kamata in ji sanyi a raina. Na raka Hamadi bakin titi, na dawo, na tarar har yanzu ba na son juya wa mashin baya.

Alhamis, 1 ga Mayu

'Yan siraran nan na kabad da na raina. Na koma na juya ɗaya, 150 a rubuce ɓaro-ɓaro. Jika uku duka biyun. Hamadi ya sauya musu bakin ɗauri, suka zauna daidai. Murfin yana tashi a hankali, ya tsaya, ya rufu ba dannawa. Mun zauna har ƙarfe uku, bai motsa ba.

Da nake biya na tambayi mai shagon yaushe ya fara kawo su, don in ji ya ce bana. Ya ce wannan kwalin ya shekara uku a nan, ba mai saya, kowa ya danna sai ya ce ba ƙarfi. Shekara uku. Tafiyar minti goma daga shagonmu, ta hanyar da nake bi kullum in sayi goro.

Na zauna a kan dakalin wani gida da ban san mai shi ba, har wata mata ta leƙo ta tambaya ko a kawo mini ruwa.

Asabar, 3 ga Mayu

Na faɗa wa Fadimata.

Ba ta zo shago ba tun Litinin, ni na je gidan da hantsi. Tana tsakar gida tana shafa wa fata mai. Na tsaya daga bakin ƙofa, ta ce in shigo, na ce nan ma ya isa. Na fara da cewa an gyara murfi. Ta ce ba wannan ya kawo ka ba.

Na faɗi duka. Sau ukun da ya roƙa, ƙotar gatari, rumfa, ɗan kabu-kabu. Babu wani babur. Na faɗi maganar mutum ɗaya da aikin mutum biyu, wadda na so in tsallake, har na tsallake ta na dawo. Na ce ba zinariya ce ta ja shi ba, ni na tura shi, don ba zai iya zama yana cin rabin da bai yi wa aiki ba bayan ya ji abin da na ce.

Na zaci za ta yi kuka ko ta zage ni, na ma shirya wa zagin. Ta ci gaba da shafa man har ta kai ƙarshen fatar. Sannan ta ce, ba ta dube ni ba, "Wata tara ni yana fushi da shi. In na ɗaga hannu zan yi masa addu'a, fushi ya riga ni. Yara suka tambaya, na ce babanku ya zaɓi ƙasar zinariya ya bar mu. Hannunsa ka karya, wannan Allah ya ƙaddara. Amma wata taran nan, kai ka ɗauke mini shi kana gani."

Na ajiye mabuɗin shago na biyu a kan turmi, na fito.

Talata, 6 ga Mayu

Ba ta zo ba. Murfi lafiya.

Juma'a, 9 ga Mayu

Fadimata ta yi sadaka yau, ta yanka akuya, ta dafa shinkafa da sunan Amastan. Sa'adatu ta ce ba ta yi ta arba'in da hannunta ba, dangi ne suka yi, shi ya sa mutane ke mamaki. An kai kwano gidan Hamadi, an kai gidan malam, har Muktari ya samu. Gidanmu ba a kawo ba. Sa'adatu ta ji ciwo, ta ce me muka yi mata? Na zaunar da ita na gaya mata ita ma. Karo na biyu ya fi sauƙin fita, amma ba daɗi. Ta ce, "Ai da ka faɗa tun yana da rai." Na sani.

Litinin, 12 ga Mayu

Na zo na tarar da shago a buɗe. Fadimata tana ciki, ta kunna mashin da kanta, ta saita fata daidai, har ta gano inda ake rage wuta don kada gefen zane ya ƙone. Na yi sallama, ta amsa a taƙaice. Na dafa shayi na miƙa mata, ta ce ta sha a gida. Na koma gefe ina yanka robar hatimi, kowa da aikinsa.

Wajen sha ɗaya, tana jiran zane ya ƙare, ta yi tambaya ba tare da ta juyo ba. Ta ce ranar, da murfin ya faɗa masa, ya yi ihu?

Na ce a'a. Ya zare hannun, ya riƙe shi a ƙirji, ya ce mini, "Kashe wutar, kada allon mutane ya ƙone." Allon wata mai ɗinki ne, har na tuna sunan da ke jiki.

Ta yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. Ta ce, "Shi ne. Wallahi shi ne." Ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ta buɗe, ta ba ni labarin ranar da tantinsu ya kama wuta a Gugaram suna sabon aure, ya fito da butar shayi ya bar takobinsa. Ni ma na ba ta na ranar da ya zana wa wani ɗan kasuwa raƙumi a allo, mutumin ya ce ya yi kama da surukarsa, Amastan ya ce to a ƙara kuɗi tunda hoto biyu ne. Haka muka yi ta yi, ita ɗaya ni ɗaya, har aka kira azahar ban ji ba sai da ta ce in tashi.

Ban ce ta yafe ba. Ban tambaya ba, ba na jin ina da bakin tambaya. Da za ta tafi ta ce rabi rabi ne, ita safe ni yamma, kuma duk abin da ya lalace a mashin ranar za a saya, ita za ta riƙa faɗa. Na ce to.

Bayan ta tafi na zauna a kan bencin Amastan. Na jira tsoron nan ya zo kamar kullum, bai zo ba, sai idona da ya kawo ruwa. Kewarsa ce kawai, ina jin. Ko kuma ƙaurin fata ne ya shiga mini ido, ɗakin ba ya fitar da hayaƙi sosai.

Gobe fata shida za ta kawo. Sai in zo da wuri in goge madubin mashin.